Littattafan Habbanaye

Shafi na 23

Da sunan Allah muka buɗe. Masu cika mini salula da "Baba ina saura?" ku yi haƙuri, cirar aya ce ta riƙe ni. Ku gyara zama.

*

Mushe Abdussamad (mushe na faransanci, wato yallaɓai) ya ɗora yatsa a kan kantar, ya ja, ya ɗago ya dubi yatsan.

Daga Maradi aka turo shi. Aikinsa ya bi duk ɗakunan karatun da gwamnati ta ba tallafin sayen littattafai, ya ga kayan da idonsa, ya ɗauki hoto ya aika sama. Ya gama da Gidan Rumji, ya gama da Agiye da Cadawa, yau da hantsi ga shi a Gangara.

"Madam Najiba."

"Na'am, Mushe."

"Kantar dama na gani. Littattafan faransanci ne, ta cika. To ta hagu fa?"

Najiba ta gyara lulluɓinta. Ita ke riƙe da makullin ɗakin nan tun yana ɗakin zuba karyayyun benci, ita ta bi buro-buro, ofis bayan ofis, da takalmi guda har tallafin ya fito. Ta san ranar nan za ta zo. Ba ta dai zaci za ta zo tun ba a saki gonaki ba.

"Suna nan, Mushe."

"Ina?"

"Suna nan lahiya lau."

"Madam, ba duba maras lahiya na zo ba. Littattafan Fulatanci da na Hausa, da alluna, da manyan hotunan koyon baƙi, da fitilu masu cin rana. Da dukiyar gwamnati anka saye su. Ina suke?"

Sai aka ji gyaran murya daga bakin ƙofa.

Alhaji Tanimu ne, shugaban kwamitin ɗakin karatu, kuma babban mai sayen aya a kasuwar garin. Yana zaune a kujera ɗaya tilo mai hannu, carbi na tafiya a yatsunsa kamar ba ya sauraro.

"Mushe, ni dai na so a rufa asiri."

"Faɗi, Alhaji."

"Ban ce ta sayar ba fa. Allah shi kiyashe ni. Amma farkon damina an ga ana ɗora kwalaye bisa jakuna ta ƙofar baya. Ni ban gani ba. An dai gani."

"Ɗakin nan ƙofa guda gare shi, Alhaji," in ji Najiba. "Kai ka fi kowa sani. Sau nawa ina ganinka kana auna faɗinta da ƙafa, ka ga ko amalanke za ta shiga?"

Carbin ya tsaya.

Ai kowa a Gangara ya sani. Ɗakin na siminti ne, rufin kwano, gara ba ta hawa, ga shi dab da kasuwa. Duk mai buhunan aya da ya wuce ta nan sai ya haɗiye miyau. Alhaji kuwa ya daɗe yana haɗiya.

Abdussamad ya ɗaga hannu.

"Ku bar wanga. Madam, tambaya guda na yi."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Na ba da su habbanaye."

"Kin ba da su mi?"

"Habbanaye. Ga mutanen Arɗo Dikko."

Abdussamad ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga, ya mayar.

"Habbanaye na san shi, Madam. Saniya ake badawa."

To, domin wanda bai zauna da makiyaya ba: habbanaye aron saniya ne na Fulani. Mai shanu ya zaɓi karsana ya ba wanda ba shi da ita. Ta zauna wurinsa, ya sha nono, ta haihu, ta haihu, ta sake haihuwa, 'ya'yan duka nasa ne, sannan ya kora uwar ya mayar wa mai ita. Babu takarda, babu shaida. Igiya kawai ake miƙawa daga hannu zuwa hannu.

"Mushe, ka ba ni kunne kaɗan," in ji Najiba. "Da kayan nan sunka zo, na jera su, na share ɗaki, na zauna. Ɗiyan makarantar lakol suna shigowa. Matan gari suna shigowa. Littattafan Fulatanci kuwa ko ƙuda bai sauka kansu ba. Waɗanda anka saya dominsu suna wucewa ta ƙofar nan da ƙwaryar nono, ko leƙe ba su yi."

"Sai kika bi su."

"Sai na bi su. Na tahi har ruga na sami Bappa Dikko. Ka san mi ya ce mini? Da sunan kakana ya kira ni. Ya ce, 'Jikar Shu'aibu, mu ba mu taɓa kayan gari. Duk abin da ya fito daga gari, ƙarshensa tara ce. Yaro ya yaga takarda guda, gobe a zo a kama mini maraƙi.' Na ce ba za a yi ba. Ya ce, 'Kuma ke kin ce a ɗauka a maido bayan kasuwa biyu. Mu da ruwan farko muke tashi arewa, sai an kwashe amfanin gona muke juyowa. Littafinki fiffike gare shi?'"

Najiba ta ɗora.

"Ya ce aro iri guda ya sani wanda ba ya kai mutum gaban alƙali. In zan ba da irinsa, shi ya karɓa. Na ce na bayar."

"Madam, littafi haihuwa yake?"

"Yana haihuwa, Mushe. Surukarsa Zainaba ta yi lakol kafin aure, ita ke koya musu. Wadda ta iya ta koya wa wata, haihuwa guda ke nan. In ya haihu sau uku sai ya dawo gida."

Alhaji ya kece da dariya har yana buga cinya.

"La ilaha! To yaushe ne sunan? A gaya mana mu kai rago!"

Shi kaɗai ya yi dariyarsa ya gama.

Abdussamad ya taka zuwa taga ya tsaya, ya ba su baya. Mutum ne da ya sha hanya, ya ga iri-iri.

"Madam, in gaya miki gaskiya. Tunda na fara zagayen nan nake ɗaukar hoton littattafai cikin leda. Wani wurin ko kwalin ba a yanke ba, wai kada su yi datti kafin in zo. Na gaji da hoton leda." Ya juyo. "Amma ni ɗan aike ne. Abin da anka ce mini, in ga kaya, in ɗauki hoto. Wurin da babu hoto, a cire sunansa daga tallafin baɗi, a karɓi makulli a ba shugaban kwamiti. In kuma wani ya kai ƙara, jandarma su shigo."



"Ai abu mai sauƙi ne," in ji Alhaji, murya kamar zuma. "Fulaninki sun dawo, suna can bakin burtali suna jiran a saki gonaki. Ki aika su maido."

"Ba a yi."

"Wa ya ce?"

"Kai ma ka san ba a yi, Alhaji. Wanda ya ba da habbanaye ba ya aika a maido kafin lokaci. In ya aika, ya ce wa mutumin kai ba abin amana ba ne. Daga ranar ba gaisuwa, ba jana'iza, har ɗiyan ɗiya." Ta juya ga Abdussamad. "Mushe, kakana Shu'aibu daga ƙasar Katsina ya ƙetaro, da sanda da buta. Uban Bappa Dikko ne ya ba shi karsana. Da nonon saniyar nan anka yaye babana. Ni ce zan aika a ce su maido?"

"To mi kike so in yi?"

"Akwai abu guda da al'ada ta yarda da shi. Mai saniya yana da ikon zuwa ya gaishe ta, ya shafa bayanta, ya ga yadda take. Ka zo mu je mu gaida littattafan."

Abdussamad ya dube ta. Can sai gefen bakinsa ya ɗan motsa.

"Ni da shekaruna, za a kai ni gaida littafi."

"Za ka sha nono."

"Za ni Gazawa yanzu, da la'asar zan biyo. In kin kai ni na gan su hannun masu karatu, nan zan ɗauki hotona, in yi faɗan da manyana da kaina. In ban gani ba, Madam, makulli."

"Za ka gani."

Alhaji ya miƙe yana kakkaɓe babbar riga.

"Allah shi sa. Ni ina da awo kasuwa."

Ya fice da sauri irin wanda ba a saba gani ga mai jikinsa ba.

*

Motar gwamnati ba ta faɗa wa ruga haka kawai. In mata suka hango ta sai kowa ta ɗauki ɗanta ta shiga daji. Dole a riga ta zuwa a yi sallama.

Najiba ta kira salular Dikko. Ta yi ta ƙara, ba a ɗauka ba. Ta sake kira, aka katse.

Ba ta tsaya tunani ba. Ta tare kabu-kabu ta ce ya kai ta rugar Gogo Asiya, yayar Dikko, tsohuwar da ba ta zuwa arewa, ita ke zama da shanun tatsa duk shekara. Hanya rairayi, ga ƙaya. Sau biyu tana sauka suna tura moton, wato babur ɗin, ita da mai shi, zaninta duk ƙarangiya. Rana ta take tsaka kafin su isa.

Gogo na zaune gindin adduwa tana kaɗa nono a gora.

"Salamu alaikum. Jam, Gogo?"

Gorar ta ci gaba da tafiya tana dawowa.

"Gogo, ina wuni? Ya shanu?"

"Lahiya."

Ba tabarma. Ba ƙwarya. Tsohuwar da in ta hango Najiba tun daga nesa take fara tsokana, "ga Kaɗon da ta ƙi auren ɗana," yau ko ɗago kai ba ta yi ba.

Najiba ta durƙusa a ƙasa, nan cikin kashin shanu.

"Gogo, mi na yi?"

"Ke kika sani."

"Wallahi ban sani ba."

Gorar ta tsaya.

"Ba ke kika kai ƙararmu ba? Ba ke kika ce Fulani sun sace kayan gwamnati ba?"

"Ni?"

"Da hantsi wani ya kira Dikko. Namiji. Bai faɗi suna ba, ya ce daga buro yake. Ya ce madam ta ga babban mutum ya zo daga Maradi, ta tsorata, ta ce ita ba ta ba kowa komai ba, ɗauka anka yi. Ya ce da la'asar za ki kawo mota cike da jandarma. Ya ce in muna da hankali mu zuba takardun nan cikin rijiya, mu kaɗa shanu mu tsallake iyaka."

Najiba ta dafe ƙasa da hannu biyu.

Nan take ta ga abin tun daga kai har wutsiya. So ake ta zo da baƙo da la'asar ta tarar da toka da sawun shanu. Ba mutane, ba littafi, ba hoto.

"Sun tashi?" in ji Najiba. "Gogo, sun tashi?"

Tsohuwar ta dube ta a karon farko, duba mai zafi.

"Dikko? Dikko shi gudu da abin wani? Ke kin san wa ya haife shi kuwa?"

"To ina yake?"

"Ya bi bukkoki ɗaya bayan ɗaya. Ya karɓe daga hannun mata, ya karɓe daga hannun yara. Zainaba ta rungume nata tana kuka, ya ce in ba ta saki ba ta tafi da shi can gidan ubanta. Ya ɗora wa jakuna, ya kama burtali. Ya ce da hannunsa zai kai miki har ƙofa, gaban babban naki, kowa shi gani."

"Gogo, na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban aiki kowa ba. Zuwa na yi in ce zan kawo baƙo mu gaishe su."

"Ba ni za ki rantse wa ba."

"Amma kin yarda da ni?"

Gogo ta ɗauki gorarta ta aza a cinya. 

"Jikata Kadi ta karanta mini takardar maganin shanu, rannan. Da bakinta. Ni ina zaune nan." Ta share gefen ido da bayan hannu, kamar hayaƙi ne ya shiga. "Ki ji ni da kyau, jikar Shu'aibu. Zai miƙo miki igiya. In kika kama, ya mutu. Ko gobe gaskiya ta fito, ya riga ya mutu, ba a tada shi. Ba ɗan rugar nan da zai sake taɓa takarda, ko ta kyauta ce."

"In ban kama ba fa?"

"In ba ki kama ba, kayan suna wuyansa har yanzu. Dole ya koma da su." Ta fara kaɗawa. "Amma ke kika san abin da gwamnatinki za ta yi miki. Tashi, kina tare mini iska."

*

Tun daga bakin kasuwa Najiba ta hango taron.

An idar da la'asar, mutane sun fito masallaci sun tarar da abin kallo. Motar Abdussamad tana tsaye. Shi kuma yana gefenta, hannu a aljihu. Alhaji Tanimu ya laɓe bayan motar, bai zauna ba, bai tafi ba, fuskarsa kamar wanda ya tauna tsakuwa cikin tuwo. Bai yi zaton haka lissafin zai fito ba.

A bakin ƙofar ɗakin karatu, Arɗo Dikko.

Dogo, siriri, malafa a ka, gemu fari fat. Sanda a hannun hagu. A dama igiya, ƙarshenta ɗaure da jakuna biyu. An naɗe kayan cikin fatar maraƙi da tabarmi, an ɗaure tsaf kamar kayan ƙaura. Gefen wani allo ya leƙo, da rubutun alli a kansa ba a goge ba.

Aka dare mata hanya.

Ta durƙusa.

"Bappa, barka da dawowa. Ya arewa? Ya shanu? Ya iyali?"

"Jam."

"An sami ciyawa bana?"

"Karɓi kayanki, jikar Shu'aibu."

Ya miƙo igiyar.

Wurin ya yi tsit, har ana jin jaki na kaɗa kunne.

"Bappa, ban aiki kowa ba."

"Karɓi."

"Ban kai ƙararka ba. Ga baƙon nan tsaye, tambaye shi abin da na ce da safe."

"Gaskiya ne, Arɗo," in ji Abdussamad. "Cewa ta yi mu zo mu gaishe su. Kuma ka duba motata, ni da direba ne. Ba jandarma ko guda."

Dikko bai dube shi ba.

"Ko ke ko ba ke ba, an kira ni ɓarawo a kan kayanki. Ubana ya ba kakanki saniya. Ta yi fari biyu a hannunsa, ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, ba wanda ya aika ya tambaye shi. Ni damina guda na yi da takardunki an ce in zuba su rijiya in gudu kamar kura." Ya nuna kayan da sanda. "Duba su. Ruwa bai taɓa ba. Mun tsallake gulbi, a ka muka ɗauke su. Karɓi, in koma ga shanuna."

Abdussamad ya matso kusa da ita ya rage murya.

"Madam, Allah ya kawo miki sauƙi har ƙofa. Karɓi, a shigar, a jera, in ɗauki hotona. In na wuce ki mayar musu, ni ban gani ba."

"Ba ta komawa," in ji Dikko. Kunnensa ya fi na yaro. "Saniya in ta shiga garken mai ita, shi ke nan. Mu ba mu yin na wasa."

"To ka gani, Mushe."

"Na gani. Amma ki ga nawa. Da safe na ce ko kan kanta, ko hannun masu karatu. Yanzu ba su kan kanta, ba su hannun kowa. Mi zan ɗauka in aika Yamai? Jaki?"

Wani ya yi dariya a baya, aka harare shi ya haɗiye.

"Ki kama igiyar nan, ɗakinki ya tsira, tallafin baɗi ya zo. Ki ƙi, in karɓi makulli yanzun nan gaban mutane. Ba ni da hanya ta uku, Madam. Wallahi da ina da ita da na bi."

Mata suka fara magana daga gefe.

"Najiba karɓi mana!"

"Ke za ki kashe kanki don Fulani?"

"Gobe ma tashi za su yi su bar ki!"

Ta dubi ƙofar. Ita ta shafa mata shuɗin fenti da hannunta. Ta dubi tagar da ta yi wata tana roƙon maƙeri kafin ya sa mata. Ta dubi igiyar, ga ta nan dab da hannunta, igiyar kaba, ta sha maiƙon hannu har tana sheƙi.

Ta miƙe tsaye.

Ta mayar da hannayenta biyu baya, ta sarƙe su.

"Bappa, ban karɓa ba."

"Jikar Shu'aibu..."

"Ban karɓa ba. Sau nawa sunka haihu?"

Dikko ya dubi jakunan.

"Ina tambaya, Bappa. Kai ka sa sharaɗi, ba ni ba. Sau nawa?"

Ya kau da kai.

"Guda. Wasu sun ɗauki na biyu."

"To da ciki za ka maido mini? Haka ubanka ya koya maka?"

Wani tsoho cikin taron ya ce "Kai!" da ƙarfi. Ba a taɓa jin an yi wa Arɗo irin wannan magana ba, bare mace, bare gaban jama'a. Idon Dikko ya kaɗa ya yi ja. Amma hannun da ke riƙe da igiyar ya ɗan sauka.

Najiba ta juya, ta jawo ƙofar, ta sa kwaɗo ta danna. Ƙarar ta fito ƙas.

"Ga shi na rufe, kada wani ya yi mini gwaninta ya shigar da su ta bayana." Ta kwance makullin daga bakin zaninta. Ƙullin ya cije, sai da ta sa haƙori. "Mushe, gwamnati ba don kanta ta sayi littattafan nan ba, kanta katako ce. Don mutanen can ta saya. Ɗaki in an karɓe zan zauna gindin itacen bedi da tabarma, in sake bin buro-buro, ƙafata ba ta gaji ba. Su kuwa in sun tahi yau, ko ka kawo tallafi cike da tirela ba za su dawo ba. Rubuta abin da ka gani. Ka rubuta sunana da kyau."

Ta ajiye masa makullin a tafin hannu.

Abdussamad ya dubi makullin, ya dube ta. Ya yi ajiyar zuciya mai nauyi.

"Kin san wa zan ba."

"Na sani."

"Ina shugaban kwamiti?"

Tun da aka fara Alhaji Tanimu bai ce uffan ba. Ya san dalilin shirunsa. Amma da ya ga makulli na ƙyalli a tafin hannu, abin da ya yi shekaru yana mafarki, sai wayon ya gudu ya bar shi da kwaɗayi. Ya zagayo daga bayan mota yana gyara hula, fara'a har kunne.

"Ga ni, Mushe, ga ni. Wallahi ba da son raina ba, yarinyar nan kamar ɗiya take gare ni. Amma tunda doka ce, mu wa? Kawo, Allah shi ba mu ikon riƙe amana."

Ya miƙa hannu.

Sanda ta sauka tsakanin hannunsa da makullin. Ba duka ba. A hankali ta sauka, ta tsaya cak.

Dikko ya karkata kai gefe guda, ya lumshe ido, kamar yadda yake yi in yana neman kukan saniya guda cikin garke.

"Sake magana."

"Mi... mi ka ce?"

"Na ce sake magana, bawan Allah. Ka ce, 'ku zuba su rijiya.' Faɗi in ji."

Alhaji ya janye hannunsa. 

Abdussamad ya dunƙule hannunsa, makullin a ciki.

"Alhaji," ya ce, "muna saurarenka."